Ɗigo Huɗu a Allon Auta

Wanda Ya ba mu shi Ya karɓi abinSa, kuma can za mu tarar da shi dukanmu. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a Manchester wata Talata tsakanin la'asar da magariba, aka yi masa sutura washegari. Ina ɗakina a Perry Barr, a Birmingham, ina sake duba wata takardar neman aiki da na kasa aikawa tun safe, waya ta shigo.

Ban tabbata ni ne ya dace in rubuta wannan ba. Akwai waɗanda suka san shi tun ba a haife ni ba, ni kuwa shekara uku kacal na yi kusa da shi. Amma abin da na gani a zaman makoki ya tsorata ni. Na ga ashe mutum zai iya shekara arba'in a cikin jama'arsa, su so shi, su yi masa kuka na gaske, ba su san abin da hannunsa ya iya ba. Shi ya sa na zauna rubutu. Inda na yi kuskure, waɗanda suka fi ni sani su gyara.

Gidan Kawu yana Levenshulme, a wani lungu bayan Stockport Road, cikin jerin gidajen nan masu matsattsiyar ƙofa. Ranar farko namu ne suka cika shi. Maza a falo gwiwa na gugar gwiwa, mata a kicin da ɗakunan sama, takalma sun taru har bakin titi. Ɗaliban jami'a suka zo rukuni-rukuni, domin da wuya a sami wanda ya sauka garin nan daga gida bai ci tuwon Hajiya, matar Kawu, a makonsa na farko ba.

A rana ta biyu Turawa suka fara zuwa.

Aminin Kawu, wani dattijo da suka shigo ƙasar nan a jirgi ɗaya, yana zaune kusa da taga. Ya ɗaga labule, ya dube ni.

"Kai, waɗannan fa? Daga council suke?"

Na ce ban sani ba, Baba, amma ba su yi kama da ma'aikatan hukumar gari ba.

Su bakwai ne ko takwas, cikin manyan rigunan sanyi masu launi. Suka tsaya a ƙofa suna kallon tulin takalma, sannan suka sunkuya suka cire nasu ba wanda ya gaya musu. Wata doguwa mai furfura ta nemi ganin Hajiya. Ta riƙe hannunta, ta ce mata da Turanci: "Mijinki ya kore ni sau biyu. Na farko na zo ba takalmana. Na biyu na zo da su, ya ce in tsaya ya gani, na ce sauri nake, ya ce to in tafi da saurina. Shekara ashirin ke nan ba wanda ya taɓa mini ski sai shi." Sai ta fashe da kuka, Hajiya ce ta koma tana ba ta haƙuri.

Bayan sun fita, aminin Kawu ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ni fa kafinta na ɗauke shi."

Wani ya ce shi an gaya masa takalma yake gyarawa.

Laifin ba nasu ba ne duka. Idan aka tambayi Kawu aikinsa, cewa yake, "Huda nake yi." A ce huda me? Ya ce, "Katako." Daga nan sai ya tambayi mutum labarin gida.

Saboda masu karatu a gida, bari in gwada bayani, ko da yake ni ma ba gwani ba ne. Ski wasu dogayen alluna ne guda biyu, sirara, kusan tsayin mutum, da ake hawa ana zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ba a taka su haka kawai. Ana kafa wa kowanne wani maɗauri na ƙarfe da roba, yanki ɗaya ya kama gaban takalmi, ɗaya ya kama dunduniya. Mutanen nan binding suke ce masa, Kawu kuwa tarko yake cewa, domin yana damƙe takalmi da ƙara, idan kuma mutum ya faɗi ya sake shi don kada ƙafa ta karye. Sabon allo yana zuwa sumul, ba rami ko ɗaya. Sai wani ya auna, ya huda, ya ɗaure tarkon da sukuru takwas a kowane allo. Wannan wanin shi ne Kawu.

Masu ƙera allon suna zana ɗan layi a kansa, inda suke ganin tsakiyar takalmi ya kamata ta zauna. Amma layin nan shawara ce. Idan aka matsar da tarko gaba kaɗan, allon zai yi saurin juyawa, ya dace da mai tsalle-tsalle da mai zamiya da baya. Idan aka ja shi baya, zai fi natsuwa a gudu, ya fi tashi a kan dusa mai laushi. Duk maganar ba ta wuce santimita ɗaya ko biyu ba. Ramin da aka huda kuwa ya hudu. Ana iya toshe shi a sake wani a nesa da shi, amma allon ba zai koma sabo ba.

Kawu karatun injinan masaƙa ya kawo shi. Kafin ya gama shirin komawa, masaƙar da ta turo shi ta fara durƙushewa, sai ya nemi aikin wucin gadi a bayan wani kantin kayan wasanni, saboda ya iya karanta ma'auni. Wucin gadin ne ya cinye rayuwarsa. Da ya yi ritaya, masu alluna suka biyo shi gida, ya mai da ɗakin katakon da ke bayan gidan wurin aiki. Shago yake ce masa. Iya sanina bai taɓa hawa dutsen ƙanƙara ba. Akwai wani babban gini a wajen Trafford da ake yin dusa a cikinsa, can yake zuwa ya tsaya bayan gilashi da fulas ɗin shayinsa yana kallon ƙafafun mutane.

Kallon ƙafa shi ne cutarsa. Har a masallaci bai bari ba. Ranar Juma'ar farko da muka yi tare, muna fitowa ya kira ni da sunan da ya laƙaba mini saboda karatuna, ya ce:

"Injiniya, a kan dunduniya kake tsayawa."

Na ce ban gane ba, Kawu.

"A sahu. Kowa ya tsaya, kai kana jingine baya kamar mai jiran a ce a gudu. Liman kuwa a kan yatsu yake. Da zai kawo mini allo, gaba zan sa masa."

Na ce ashe ba salla yake ba, ƙafafunmu yake kallo. Ya ce kafin kabbara ya kalla, Allah Ya gani.

Yana da tsarin da ba ya canzawa ko wa ya zo. Sai mai allo ya zo da kansa, da takalmansa biyu. Akwai wata tsohuwar darduma da ta gama aikin salla, a kanta ake shimfiɗa allunan. Mutum ya sa takalma ya hau, Kawu ya zagaya bayansa yana jansa da hira, ina kake zuwa, gudu kake so ko juyi, yaranka nawa. Ana cikin magana sai ya ɗan ture kafaɗar mutum ba sanarwa. Wani ya tafi kan yatsu, wani ya dogare da dunduniya. Kawu ya ce, "Na ji." Abin da baki ya faɗa yana saurara, amma wannan turin ya fi yarda da shi.

Daga nan sai ya manna salatif na takarda a kan allon ya ɗauki fensir. Yakan yi kwana biyu yana ja yana gogewa. Idan ya gama, ya ɗora wata takarda mai hoton ramukan tarko, ya daidaita ta da layin da ya zaɓa, ya ɗauki wata 'yar ƙusa mai kaifin baki da ƙaramar guduma, ya yi bisimilla, ya buga ɗigo a inda kowane rami zai zauna. Kullum da allon dama yake farawa. Yana rubuta D da H a kansu, dama da hagu, Turawa suna ɗauka wata alamar sana'a ce.

Na gama digirina na biyu a aikin injiniya, aiki bai samu ba. Gaskiya ba duka laifin masu ɗauka ba ne. Nakan rubuta takarda in gyara, in sake gyarawa, har ranar rufewa ta wuce. Mahaifiyata tana kira daga gida tana tambaya, ni ina kame-kame. Wata rana Kawu ya karɓi wayar daga hannuna ya ce mata, "Yana aiki a wurina, ki kwantar da hankalinki." Da ya ajiye na ce Kawu, ai wannan ba gaskiya ba ce. Ya ce, "Za ta zama gaskiya ranar Asabar ƙarfe tara. Kada ka mai da ni maƙaryaci a wurin ƙanwata." Haka na fara hawa motar safe daga Birmingham kowane mako.

Wata biyu ina awo kawai. Awona bai taɓa kuskure ba, ya yaba da wannan. Rannan ya ɗora wani jan allo a benci, ya buga ɗigon da kansa, ya miƙo mini injin huda. Ya ce na wani likita ne mai faɗa, gobe zai zo ɗauka. Na kunna, bakin injin ya fara shiga, sai zuciyata ta ce anya a miƙe yake? Na ɗaga in duba. Na mayar. Ya shiga a karkace, ramin ya buɗe kamar bakin tulu.

Na kashe injin. Kawu ya ɗauki allon ya kai wa fitila, ya juya shi, ya yi tsaki.

"To, Injiniya. Me za mu gaya wa likita?"

Na fara lissafo hanyoyi, ko a toshe, ko a matsa gaba, ko in kira shi in ba shi haƙuri da kaina. Ya bar ni na kai ƙarshe. Sannan ya ce a kwandon shara ya tsinto allon, ɗan'uwansa ma ya karye tun bara.

Ban yi dariya ba, shi ma bai yi ba. Ya ce, "Shakkarka ba aibu ba ce, ita ta sa awonka ya fi nawa. Amma wurinta fensir. Ka yi ta da fensir har ka gaji. In ka buga ƙusa ka gama shawara. In injin ya tashi, hannu ba ya tambaya." Ya rataye jan allon a bango, ramin yana kallon duk wanda ya shigo. Yana nan har yau.

Yanzu sai maganar Auta, wadda na yi ta jinkirin kawowa. Na nemi izininta kafin in rubuta.

Auta ita ce 'yar Kawu ta ƙarshe, a nan aka haife ta, tana aiki a wani kantin magani a Old Trafford. Hausarta a karye take, amma abu ɗaya ta riƙe daram daga al'adar gida: ita 'yar namiji ce, ni ɗan mace, saboda haka ni bawanta ne. Tun ranar da na sauka ba ta kira ni da wani suna ba. Ita kaɗai ce a gidan ta hau abin da ubanta yake hudawa. Tun tana ƙarama yake kai ta ginin dusar nan, yana bayan gilashi, ita tana ciki. Ta girma ta zama mai tsalle da juyi a iska, har tana koya wa yara ranar Lahadi.

Shekara uku da suka wuce ta roƙe shi ya sa mata tarko gaba da layi, ya sa. A wata tafiya da ta yi zuwa duwatsu ta faɗi, jijiyar gwiwarta ta hagu ta tsinke. Aka yi mata aiki, ta yi watanni da sanduna. Ita ta ce saukar ce ta zo mata a karkace, ko ina tarkon yake sai ta faɗi. Likitanta ma bai ɗora wa allon laifi ba. Ni a ɗan abin da na karanta, ina jin suna da gaskiya, ko da yake ba zan rantse ba. Kawu dai bai karɓa ba. Hajiya ta ce mini ya yi mako bai shiga shago ba.

Da ta warke ta sayo sababbin alluna, shuɗaye, ta kawo masa. Ina wurin, ina share benci.

"Baba, santimita biyu gaba. Kamar wancan."

"A kan layi."

"Baba, layin nan na masu tafiya a hankali ne. Ni ba haka nake yi ba, ka sani."

"Na sani. Na ga inda ya kai ki."

Ta ce ya tura ta mana, kamar yadda yake yi wa kowa. Ga darduma, ga takalma ta zo da su. Ya ce ba ya bukata. Wannan ne karo na farko da na ga ya ƙi gwada mutum. Ta ce to za ta kai wani kanti a huda mata cikin rabin awa. Ya ce ƙofa a buɗe take. Sai ta juyo gare ni.

"Bawana, kai ka yi karatu. Faɗa masa."

Na ce, to, ta wani ɓangaren tana da hujja, ta wani ɓangaren kuma Kawu ma yana da tasa. Su biyun suka dube ni da ido iri ɗaya.

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce, rabi Hausa rabi Turanci, "Baba, tsoronka kake aunawa, ba ƙafata ba." Kawu ya cire rigar aikinsa ya rataye, ya shiga gida.

Ba su yi gaba ba, kada a fahimce ni ba daidai ba. Tana zuwa cin abinci ranar Juma'a, tana kai shi wurin likitansa, yana yi mata faɗan tuƙi. Amma allunan ba ta ɗauke su ba, shi kuma bai huda ba. Wata huɗu suna jingine a kusurwar shago. Wani lokaci in na zo ranar Asabar sai in ga an manna musu sabon salatif, layi biyu na fensir, ɗaya a kan na masu ƙera, ɗaya gaba da shi. Mako na gaba an goge ɗaya. Na gaba ya dawo. Ban taɓa tambayarsa ba, kuma ina nadamar hakan.

Ranar Talatar, in ji Hajiya, ya yi la'asar ya fita shago. Can ya shigo ya zauna a kujerar kicin, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, a ba shi ruwa. Kafin motar asibiti ta kai shi, an gama.

Bayan sadakar arba'in Auta ta kira ni. Ba ta ce bawana ba, ta ce Yaya. Ta ce in zo ranar Asabar in ɗaura mata tarkon. Na ce akwai kantuna, akwai waɗanda suka fi ni hannu. Ta ce ba wanda zai taɓa allunan nan sai wanda Baba ya koya wa.

"Kuma a kan layi za ka sa. Inda ya ce."

Na isa da hantsi. Ba wanda ya shiga shagon tun rasuwar sai Hajiya, wadda ta tattara takardunsa cikin kwali saboda rufin yana yoyo, ta lulluɓe benci da tsohon zane. Na yaye zanen. Allunan suna kwance a kan benci, ba a kusurwa ba. Layi biyun suna nan. Na shafa salatif ɗin allon dama don in ga ko danshi ya ɗaga shi, sai yatsana ya ji wani abu. Na kawo fitila. Ɗigo huɗu ne, ƙanana kamar ƙwayar gero, a inda gaban tarko zai zauna. Na dunduniya babu. Allon hagu babu ko ɗaya.

Na nemo takardar ramukan a cikin kwalin. Ita ma an huda ta a wuri huɗu. Na ɗora ta, ɗigo a kan ɗigo. Tsakiyar takalmi ta faɗa a kan layin gaba. Na ɗauke, na sake ɗorawa. Na auna da rula daga wutsiyar allon. Na auna takalmin Auta da ke ajiye a shagon, ko da wani takalmi ya yi lissafi. Sau nawa na yi, ba zan faɗa ba. Santimita biyu gaba.

Na shiga kicin na tambayi Hajiya ko ta ji wani abu ranar.

"Na ji ƙwanƙwasa," ta ce. "Kawunka kullum cikin ƙwanƙwasa yake. Ban ƙirga ba, ɗan nan."

Auta ta iso da azahar. Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ba ta taɓa ba.

"Wannan ba ya nufin komai," ta ce. "Wataƙila gwadawa yake. Wataƙila ya buga, ya ga bai yi ba, shi ya sa ya tsaya."

Abin da zuciyata take faɗa mini ke nan tun safe. Da wani ne ya faɗa, da na ce e, hakan ma mai yiwuwa ne.

"Maganar ƙarshe da na yi masa a ɗakin nan ka ji ta," ta ce. "Ba zan hau abin da na ci Baba da gardama a kansa ba. Sa a kan layi, Yaya. Please."

Na san abu mafi sauƙi shi ne in bi ta. Allonta ne, ubanta ne, kuma mai makoki ba a ja da shi. Idan na sa gaba ta sake faɗuwa, ni ne zan yi mako ban shiga shago ba. Amma idan na sa a kan layi, ɗigon nan huɗu za su shige ƙarƙashin roba, ta yi ta hawa allon tana ganin ubanta ya tafi yana kan bakansa.

Na ce, "Ba zan sa a kan layi ba."

Ta ɗago. "Kai? Kai da ake tambayarka shayi ko kofi ka ce duk wanda ya samu?"

Na ce e, ni. Na ce shekara uku ina tsaye a gefen bencin nan. Na ga ya goge fensir sau ɗari. Ban taɓa ganin ya buga ƙusa yana gwaji ba, ko sau ɗaya, ko a allon shara. Na nuna mata jan allon da ke bango, na faɗa mata abin da ya ce mini ranar. Na ce ban san abin da ke ransa ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma hannunsa na sani. Bai tsaya don ya canza ba, ƙirjinsa ne ya tsayar da shi.

Ta zauna a kan kwalin takardu ta rufe fuska. Na bar ta. Ban san tsawon lokacin ba, na dai ji Hajiya ta buɗe ƙofar kicin ta sake rufewa.

Da ta share ido na shimfiɗa dardumar, na sauke allunan a kai, na ce ta sa takalma ta hau. Ta ce me ye amfanin, ai na riga na yanke. Na ce ba a huda wa kowa a shagon nan sai ya hau. Ta hau. Na zagaya bayanta ina tambayarta yaran da take koya wa, wane ne ya fi rashin ji. Ta fara ba ni labarin wata yarinya da ba ta yarda a riƙe mata hannu. Na ture kafaɗarta.

Ta tafi kan yatsu, gwiwa a lanƙwashe, ta hagun ma ba ta noƙe ba.

Ta juyo. "Ka ji?"

Na ce na ji.

Na buga sauran ɗigo goma sha biyu, huɗu a dama, takwas a hagu. Nasa huɗun ban ƙara musu ba. Na ɗaure allon dama a benci, na duba bakin injin, na duba abin da ke tsayar da shi kada ya zarce. Na yi bisimilla. Da ɗigon Kawu na fara. Injin yana shiga zuciyata ta yi tambayarta ta kullum, na ji ta sarai, ban ɗaga ba. Rami goma sha shida. Ba zan ce sun kai nasa kyau ba, amma a miƙe suke. Na ɗiga gam a kowanne, na ɗaure sukuru da hannu kamar yadda yake yi, ina jin lokacin da kowanne ya zauna.

Auta ta taka na dama, tarko ya kama da ƙara. Ta taka na hagu. Ta tsaya a tsakiyar shagon ubanta a kan tsohuwar darduma, da mayafi da manyan takalma, ba inda za ta zame. Na ce kada ta hau dusa sai an gwada sakin tarkon a kan na'ura, domin wannan ba ni da ita, kuma ba zan yi mata kintace da gwiwa ba.

"To, bawana," ta ce.

Salatif ɗin da na ɓare daga allon dama ta karɓa, mai layi biyu da harafin D na rubutunsa. Ta manna shi a cikin murfin wayarta.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kallon ƙafafun da ya yi a sahu, Ya faɗaɗa masa makwanci, Ya sa hannun nan da bai cuci allon kowa ba ya karɓi littafinsa ta dama. Allah Ya ba Hajiya da 'ya'yansa da mahaifiyata haƙurin rashinsa. Wanda ya karanta wannan, ko bai san ski ba, ya sa shi a addu'a.

Bayan an gwada tarkon a kan na'ura, Auta ta hau allunan a ginin dusar nan ranar Lahadin da ta biyo. Na je, na tsaya a bayan gilashi, a inda ta nuna mini yake tsayawa. Na yi niyyar kallon fuskarta, sai na tarar ƙafafunta nake kallo.